Naman da Ya Suma

Tun da muka tare a gidanmu na Malali, in aka ɗauke wuta ni ce mai bin ɗaki-ɗaki ina zare soket. Firij nake fara zarewa, sai talabijin, sai injin da ke tura mana ruwa sama. Maigidana bai taɓa tashi ya yi wannan aikin ba. Yana zaune zai ce, "Malama, an ɗauke," kamar ni ban ga fanka ta tsaya ba. Ba ɗaukewar muke gudu ba, dawowar ce. Firij ɗinmu na farko dawowar wuta ce ta ƙona shi, yara na ta ihun murna a layi, mu kuma muna shaƙar ƙauri a kicin.

Malama yake ce mini saboda na daɗe ina koyarwa a firamare, ni kuma Alhaji nake ce masa. Ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, mutum mai son kaya da guga, mai son a ce lafiyarsa ƙalau ko da ba haka ba ne. Kunnensa na dama ya yi nauyi tun da jimawa, amma har gobe bai yarda ba, cewa yake mutane ne suka daina buɗe baki in suna magana. 'Ya'yanmu kowa ya kama gidansa a wani gari, saura mu biyu.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, yana wanke motarsa a ƙofar gida. Sai na ga ya shigo ya zauna a bakin baranda da soso a hannu, gumi na tsiyaya. Ya ce ƙosan da ya ci ne ya tsaya masa a ƙirji, in jiƙo masa kanwa. Na jiƙo kanwar kuwa, don ni ma raina ya fi son a ce ƙosan ne. Da na ga leɓensa ya sauya launi, sai na fita ko mayafi babu, na buga ƙofar maƙwabcinmu ya kai mu asibiti.

A can suka ce gudan jini ne ya toshe wata jijiya da ke ciyar da ita kanta zuciyar. Ni da na yi ta koya wa yara cewa zuciya ce ke raba wa jiki jini, ban taɓa kawowa ita ma sai an ba ta nata kason ba. Aka yi masa allurar da ke narkar da gudan. Kafin la'asar ciwon ya sake shi, har ya fara tambayar ko an kwashe bokitinsa daga waje. Na yi sujada a barandar asibitin, mutane na tsallake ni. Daga nan na kama waya, na kira 'ya'ya, na kira dangi, kowa kalma ɗaya nake faɗa masa: hanya ta buɗe, jini ya dawo.

Ina cikin haka likitar da ke duba shi ta taɓa kafaɗata. Yarinya ce, ba ta kai babbar 'yata ba, idonta jawur don rashin barci.

"Mama, zo mu ɗan yi magana. Kada ki saki jiki tukuna."

Muka koma gefe. Ta ce naman zuciya in ya daɗe bai sami jini ba, ranar da jinin ya dawo masa gaba ɗaya, dawowar ma tana yi masa rauni. Ta ce yanzu akwai wani yanki a zuciyar Alhaji da ba ya motsi.

"Ya mutu ke nan?" na tambaye ta.

"Ban sani ba tukuna. Wani naman mutuwa yake yi, wani kuma suma ne. A ido duk ɗaya suke. Wanda ya suma yana iya farfaɗowa, in aka lallaɓa shi."

"Yaushe za a sani?"

"Makonni, ko watanni. Hoto ne zai riƙa nuna mana."

Na dubi wayar da ke hannuna. Na riga na gama shelanta wa duniya cewa ya warke. Babu abin da ya faɗo mini a rai sai ƙaurin firij ɗin nan, na ce a zuciyata, ashe har a jikin mutum dawowar ce abin tsoro. Na nemi benci na zauna.

Rigima ta farko a kan hoton aka yi ta, washegari. Na'urar da ake duba zuciya da ita tana ɗaki ɗaya da wadda ake yi wa masu ciki sikanin, benci ɗaya ake jira. Da aka turo Alhaji a keken marasa lafiya ya ga mata jere, kowace da tulun ciki da kati a hannu, sai ya taka ƙafa a ƙasa ya tsayar da keken.

"Malama, ina ne nan?"

"Ɗakin hoto ne, Alhaji."

"Hoton me? Wannan ai na masu juna biyu ne. Ni za a shafa wa mai a ciki? Da gemuna?"

Wata daga cikin matan ta ce, "Baba, bismillah ga wuri, wata nawa ne?" Benci ya kwashe da dariya. Ni ma na dara, Allah ya gani, karo na farko tun hantsin jiya. Shi kuwa ya ɗaure fuska ya ce a mayar da shi gadonsa. Sai da likitar ta fito da kanta ta rantse masa cewa nasa a ƙirji ne ba a ciki ba, kuma za ta ja labule, sannan ya yarda.

Ana yin hoton ne mutum na kwance ta gefen hagu. Wato kunnen Alhaji mai ji yana danne a filo, mai nauyin yana sama. Ta shafa masa wani mai mai sanyi, ta ɗora wani abu kamar kan tocila a tsakanin haƙarƙarinsa. A allon na ga wani abu toka-toka yana buɗewa yana rufewa. Ta nuna mini da yatsa: nan yana matsawa, nan ma yana matsawa, nan kuwa dubi, ana jan sa ne kawai. Na gani. Kamar ɗalibin da ke motsa baki cikin 'yan aji alhali ba ya karatun.

Sai ta murɗa wani abu, ɗakin ya cika da ƙara, fuu, fuu, fuu. Alhaji ya zaro ido.

"Mene ne wannan?"

"Jininka ne ke wucewa, Baba," ta ɗaga murya. "Na'urar sauti take aikawa ciki, irin wanda kunne ba ya ji, ya dawo mata da hoto."

Tana ci gaba da aikinta ta ce, kamar mai hira da kanta, a wasu ƙasashe ana gwada amfani da irin wannan sautin a matsayin magani. A riƙa aika shi a hankali cikin naman zuciya bayan jini ya dawo, ko zai rage ɓarnar, ya taimaki ƙananan hanyoyin jini su buɗe. Sannan ta sassauta murya ta ƙara da cewa har yanzu gwaji ne ake yi, kuma tamu na'urar ta kallo ce kawai, ba ta maganin komai.

Na lura da fuskar Alhaji. Rabin farko ya shige shi, na ga alama. Rabin ƙarshe kuwa na tabbata a filo ya tsaya.

Da aka sallame mu sai dubiya ta buɗe. Wanda bai yi jinya a gida ba bai san nauyin dubiya ba. Likita ta ce a bar shi ya huta, amma wa zan ce wa kada ya shigo? 'Yan masallaci, tsofaffin abokan aikinsa, matan unguwa, dangina na Unguwar Dosa, kowa da ledar lemo ko kankana, kowa sai ya zauna ya ba da labarin wani da ya san irin ciwon ya kashe. Alhaji kuma ba zai karɓi mutane a kwance ba. Sai ya sa riga mai guga da hula, ya zauna a falo yana amsa barka da arziki, ni ina kai da kawo da ruwa da kofuna.

Yayarsa da ke Kinkinau ita ce ta fi kowa zama. Ta girme shi sosai, ita ta goya shi, don haka har yau kallon yaro take yi masa, ni kuma kallon wadda aka ba ajiya. A wurinta ciwon zuciya ba ya zuwa haka kawai, sai an ɓata wa mutum rai.

"Ni dai a gaya mini wa ya taɓa shi," ta ce, idonta a kaina. "Mutum yana zaman zamansa zuciya ba ta ciwo."

"Yaya, gudan jini ne. Likita ta ce wani yanki ne ya suma."

"To in suma ne a yayyafa masa ruwa mana! Ke dai a binciki abin da ke damunsa."

Na shiga kicin na tsaya gaban tukunyar miyar da babu gishiri babu mai, na yi kukana gajere, na wanke fuska na fito da shayi.

A wannan zaman ne na fara jin Alhaji yana ba baƙi labari. "Ai yanzu da sauti ake yi mini magani," yake cewa. "Wata na'ura ce, a ɗora maka a ƙirji, ta riƙa aika sauti yana tayar da naman da ya kwanta. Har ji nake yana shiga." Mutane su ce ikon Allah, zamani ya zo. Yaya ma ta ce to wannan dai ta yarda da shi, tunda ba ƙwaya ba ce. Na buɗe baki zan gyara, sai na ga yadda fuskarsa ta washe, na rufe bakina.

Mutumin da ya taka burki a ƙofar ɗakin hoto, shi ne ya koma tun ana saura kwanaki yake tambaya yaushe za mu koma. Ranar zuwa da kansa yake zaɓar riga mai maɓalli a gaba. Ya saba da bencin masu ciki har yana yi musu nasiha a kan cin ganye. In likita ta gama ta ɗaga hannu, sai ya ce, "'Yata, ɗan ƙara mini kaɗan, ta nan ƙasa, nan ne bai ji ba."

Ta dube ni. Na kawar da kai. Ta mayar da abin ƙirjinsa ta ƙara masa.

Wata rana na bi ta waje na ce, "Likita, kin san abin da yake zato?"

"Na sani, Mama."

"To in gaya masa?"

Ta murza idonta. "Yana shan magungunansa?"

"Yana sha. Cewa yake su ne ke taimaka wa sautin."

"Ni ban ce masa magani ba ne, kuma in ya tambaye ni gaskiya zan faɗa masa. Amma kada ya ɗauka ya warke ya ce zai yi abin da ya fi ƙarfinsa. Wannan shi ne tsorona."

Tsoron nata bai daɗe ba ya tabbata. Wata Juma'a ina wanka ya saɓa babbar riga ya fita masallaci da ƙafa, don mutane su gan shi a tsaye. A hanyar dawowa numfashi ya gagare shi, ya zauna a dakalin wani mai shago, aka kawo mini shi a napep, hularsa a hannun wani. Ban yi masa sannu ba. Faɗa na rufe shi da shi, irin wanda ban taɓa yi masa ba tun aurenmu. Na ce in so yake ya mutu ya bari sai na huta tukuna, don yanzu ko ƙarfin zaman makoki ba ni da shi. Ya dube ni kawai, yana haki. Maganar tana kan harshena, in ce masa na'urar nan ba ta yi maka komai, kallonka kawai take yi. Ban faɗa ba. Na cire masa takalmi na kawo ruwa.

Gajiyar wannan lokacin ba irin ta aiki ba ce, wadda barci ke wankewa. Na ƙirga ƙwayoyi, na dafa abinci kala biyu, na amsa wayar 'ya'ya ina cewa da sauƙi, na tare Yaya, na tare baƙi. Ko a kicin nake kunnena na falo, in ya yi tari in saki ludayi. Barci kuwa sai dai in ɗan sace shi, rabin hankalina na kan numfashinsa. Ga kuma wannan magana da na riƙe ni kaɗai, kullum ina auna ta: in faɗa in karya masa gwiwa, ko in yi shiru ya sake saɓa riga ya fita. Rana ɗaya ce nake samun sauƙi, ranar hoto. In na ga abin nan toka-toka yana buɗewa yana rufewa, na ji fuu, fuu ɗin nan da kunnena, sai wani abu ya sauka daga kafaɗata. Mukan dawo gida in faɗi a kan kujera da mayafina, ba na farkawa sai an kira la'asar.

Damina ta shiga ta fita muna wannan zarya. A hoton da likita ta ce shi ne zai raba gardama, ta daɗe tana dubawa fiye da kullum. Ta juya abin nan, ta sake juyawa, ta sa shi ya riƙe numfashi, ya saki. Sannan ta goge masa ƙirji, ta ce ya tashi zaune. Ta zagayo ta ɓangaren kunnensa na hagu, ta ja kujera.

"Baba, gefen nan na sama ya farfaɗo, yana aiki. Alhamdu lillahi. Amma na ƙasan bai tashi ba, kuma ba na jin zai tashi. Ya zama tabo."

"To," in ji Alhaji.

"Za ka rayu da shi, in sha Allahu. Sai dai zuciyar ba za ta koma kamar da ba. Magani har abada, tafiya a hankali, ban da ɗaukar nauyi, ban da wanke mota. Hoto kuma ba sai an riƙa yi akai-akai ba yanzu, sai lokaci-lokaci."

Na zuba masa ido ina jiran ya ce a ƙara masa sautin, ko ya tambayi me ya sa bai yi aiki ba. Na riga na shirya abin da zan ce. Sai kawai ya sa maɓallansa ɗaya bayan ɗaya, ya yi mata godiya, ya sa mata albarka. A waje ya yi wa masu ciki sallama, ya ce Allah ya raba lafiya.

Muka iso gida babu wuta. Na bi na zare soket, na dawo na same shi a baranda, daidai inda ya zauna da soso ranar farko. Na zauna kusa da shi, ta hagunsa. Na ga dai yau babu sauran abin ɓoyewa.

"Alhaji, akwai maganar da ban gaya maka ba. Na'urar nan..."

"Ta kallo ce kawai," ya ƙarasa mini. "Na ji ta tun ranar farko."

Na juyo na dube shi.

"Danne kunnen na yi, Malama, ba toshe shi na yi ba. Wancan na ƙasashen waje ne, kuma gwaji ne. Na ji sarai."

"To me ya sa kake ta gaya wa mutane da sauti ake maka magani? Me ya sa kake cewa a ƙara maka?"

Ya dubi motarsa da ta yi ƙura a rumfa.

"Mutane dai na gaya musu ne don Yaya ta sauka daga kanki. Kin ga tun da ta ji ana yi mini wani abu ta rage tambayar wa ya taɓa ni." Ya ja numfashi, a hankali, yadda aka koya masa. "Ƙarin kuma ke nake nema wa. Ina kwance ina kallonki. Duk ranar da kika ji ƙarar nan, kina dawowa gida ki yi barci. Sauran ranakun ina jin ki, ba kya yi."

Haushi ya kama ni, na watannin da na yi ina dakon maganar da ashe shi ma yana dakonta, muna gida ɗaya. Tausayinsa kuma ya zo ya danne haushin. Na ce, "Amma dai ka iya wahalar da mutum." Ya ce ai a wurina ya koya.

Muna nan zaune sai yara suka ɓarke da ihu a layi, an kawo wuta. Ƙwan baranda ya kama, ya yi haske fiye da kima, ya dusashe, ya sake kamawa. Na yunƙura zan tashi in mayar da soket, don akwai nama a firij tun safe.

Ya riƙo gefen mayafina. "Bari wutar ta zauna tukuna," ya ce. "Ke ma zauna."

Na koma na zauna. Tafin hannunsa na kan gwiwata, ina jin bugun jijiyarsa ta cikin zane, ba ƙarfi kamar da, amma yana zuwa. A nan barci ya ɗauke ni, sai shi ne ya tashe ni sallar magariba.